Hiram Percy Maxim: Ɗan Mai Bindiga, Uban 'Yan Wayar Iska

Duk wanda ya karanta tarihin zuwan Turawa ƙasar nan ya ji labarin bindiga mai ruwa, wadda rundunar Kanar Morland ta zo da ita Kano cikin Fabrairu na 1903, ta kuma wuce da ita Sakkwato cikin Maris. Masu ita suna kiranta Maxim, watau sunan Hiram Stevens Maxim, mutumin Amurka wanda ya ƙago ta a Landan a 1884. Tana aman harsashi wajen 600 cikin minti guda, saboda haka sai an cika wani kwaroro da ya kewaye hancinta da ruwa, don kada zafi ya lalata ta. To, mutumin nan yana da ɗa, shi ma Hiram, wanda sunansa bai iso mu ba kamar yadda bindigar ubansa ta iso mu. Labarin ɗan mu ke so mu kawo wa masu karatu yau, musamman malaman makaranta. Koyarwa dai ba sana'arsa ba ce, amma da wuya a sami malamin da ya jawo yara masu yawa zuwa ga ilmin kimiyya kamar yadda shi ya jawo su.

An haifi Hiram Percy Maxim ran 2 ga Satumba 1869 a Brooklyn, wadda yanzu ta zama wani sashi na birnin New York. Gidansu gidan ƙage-ƙage ne. Baffansa Hudson gwani ne wajen haɗa albarushi, uban kuwa tun bai koma kan bindiga ba ya riga ya yi suna cikin sha'anin fitilar lantarki. A ƙarshen rayuwarsa ɗan ya rubuta littafi a kan ƙuruciyarsa, inda ya nuna uban mutum ne mai barkwanci da tsokana, wanda ya kan ja yaron cikin gwaje-gwajensa kamar abokin wasansa. Wannan zama bai daɗe ba. A 1881 uban ya tafi Turai, ya zauna Ingila, ya yi wani aure, ya bar yaro ɗan shekara 12 tare da uwarsa da ƙannensa mata biyu. Can ya sami dukiya da girma, har aka ba shi sarautar Sir a 1901, ya kuma kurmance saboda ƙarar bindigoginsa. Yaron kuwa ya shiga babbar makarantar fasaha ta Massachusetts, ya fita a 1886 tun bai kai shekara 18 ba.

A 1892 yana aiki a wani kamfani mai yin harsashin igwa a garin Lynn. Wani dare yana komowa gida bisa keke, ga nisa ga gajiya, sai ya shiga tunanin ina ma a ce akwai ɗan ƙaramin inji da zai ɗauke wa mutum wannan tuƙi. A lokacin bai san kome game da injin fetur ba. Ya sami kwanson harsashin igwa wanda ba kome ciki, ya ɗiga fetur ɗigo guda, ya toshe, ya jujjuya, sa'an nan ya buɗe ya jefa ashana. Abin da ya gani ya ishe shi shaida cewa akwai ƙarfi cikin wannan mai. Shekara uku ya yi yana fama da dare, bayan an tashi daga aiki, kafin kekensa mai ƙafa uku ya motsa da kansa. Abin lura a nan shi ne, duk wahalar nan ya sha ta ne bai sani ba ashe Benz da Daimler a Jamus sun riga sun ƙera irin abin da ya ke nema tun 1885 da 1886, kuma a cikin Amurka ɗin ma akwai waɗansu suna ta fama da shi, kowa a ɗakinsa, ba wanda ya san da wani. Shi kansa ya ba da wannan labari cikin littafin da ya rubuta a kan farkon mota. A ganinmu wanda ya ɓatar da shekara uku yana neman abin da wani ya riga ya samu, ba zai manta da amfanin masu sana'a ɗaya su riƙa jin juna ba.

A 1895 Kamfanin Pope na garin Hartford, masu yin kekuna, suka ɗauke shi ya shugabanci sashen motoci, inda ya fito da motocin da a ke kira Columbia, waɗansu na batir waɗansu na fetur. A 1898 ya auri Josephine Hamilton, 'yar wani tsohon gwamnan Jihar Maryland. A 1909 hukuma ta yi masa rajistar wata na'ura da a ke ɗaurawa a bakin bindiga ta rage mata ƙara. Dabararta ita ce, hayaƙin da ke biye da harsashi a tilasta masa ya yi ta kewaya cikin waɗansu 'yan ɗakuna har ƙarfinsa ya ragu kafin ya fita. Mutane da yawa ba su yi murna da ita ba, don tsoron kada ta faɗa hannun miyagu, daga baya kuwa kamfanin ya mai da ƙarfinsa ga yin salansa ta manyan injuna. Uba ya cika duniya da ƙara har ya kurmance, ɗa ya ci abinci da kashe ta.

Da a ce a nan ya tsaya, da ba mu da dalilin damun malamai da labarinsa. Amma a 1911 ɗansa Hamilton, yaro ɗan shekara 11, ya kamu da ciwon da ya kama yaran Amurka a zamanin, watau wayar iska. Shekara 10 ke nan tun da Markoni ya tsallakar da alama daga Ingila zuwa Newfoundland ba tare da waya ba. Gidajen rediyo masu magana da kiɗa ba su zo ba tukuna. Abin da ke yawo cikin iska duka baƙaƙen Mos ne, gajeren sauti da dogon sauti, irin na tangaraho, tsakanin jiragen ruwa da tashoshin bakin teku. Yara suka gane ashe na'urar kama wannan sauti ba ta fi ƙarfinsu ba. Sai a naɗe siririyar wayar tagulla a jikin kwalin da ya ke kamar gwangwani, a ja wata doguwar waya daga taga zuwa itace, a kafa wata cikin ƙasa, a sami abin sawa a kunne, sa'an nan ɗan guntun dutse mai ƙyalli wanda a ke taɓawa da tsinin waya har a dace da wurin da ya ke kamawa. Ba batir, ba lantarki. Dutsen nan kuwa ba baƙo ba ne gare mu: irin na tozali ne, wanda a ke niƙawa a yi kwalli, wanda kuma likitoci ke gargaɗi kada a sa wa jarirai domin dalmar da ke cikinsa. Na'urar aikawa ita ce mai tsada kaɗan da haɗari, gama tartsatsin lantarki a ke sa ya yi tsalle tsakanin ƙarfe biyu, kowane tsalle ya watsa motsi cikin iska.

Iyaye da yawa sun ɗauki abin wasan banza, mai ɓata kuɗi da hana barci. Maxim, mai kamfani, mai shekara 40 da 'yan kai, ya zauna kusa da ɗansa ya koyi baƙaƙen Mos daga farko. Mun daɗe muna duba wannan wuri cikin tarihinsa, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Babba ya kan saya wa yaro abin wasa ya juya baya. Ba kowane babba ba ne zai yarda ya koma ɗalibi a gaban ɗan cikinsa, yaro na gyara masa kuskure.

Kada a ɗauka yaran nan waliyyai ne. Tartsatsinsu yana cika iska da hayaniya, wanda ya fi ƙarfi ya danne na ƙasa da shi, waɗansu ma su kan aika wa jiragen sojan ruwa saƙon ƙarya don dariya. Da jirgin Titanic ya nutse cikin Afrilu na 1912, labarai marasa tushe suka cika iska, aka ɗora musu laifin. A shekarar nan Majalisar Amurka ta yi doka: ba mai aikawa sai da lasin, kuma 'yan sha'awa, watau masu yi ba don kuɗi ba, ba za su wuce zangon mita 200 ba. Bari mu ɗan yi bayanin zango, tun da kowa yana jin kalmar a bakin masu sanarwa. In ka jefa dutse cikin tafki za ka ga ruwa yana tafiya tudu-tudu. Tazarar da ke tsakanin wannan tudu da na gaba ita ce zango. Motsin rediyo yana gudun kilomita 300,000 cikin sakan guda, saboda haka mai zangon mita 200 yana kaɗawa sau miliyan ɗaya da rabi kowane sakan. Masanan lokacin sun yi imani dogon zango ne kaɗai ke cin nisa. Suka riƙe shi don gwamnati da kamfanoni, suka tura yara ga gajere, suna zaton can abin zai mutu da kansa.

Cikin farkon 1914 Maxim yana neman wata kwalba mai kama da ƙwan lantarki, wadda a ke kira Audion, mai ƙara wa na'ura ƙarfin ji. Ya sami labari akwai wani mai ita a Springfield, garin da nisansa daga Hartford bai kai mil 30 ba, kusan kamar Kano da Wudil. Ya yi ta kira, tasharsa ta kasa kaiwa. Sai ya kira wani a Windsor Locks, tsakiyar hanya, ya roƙe shi ya miƙa saƙon gaba. Saƙo ya je, amsa ta komo. Miƙa saƙo haka ba sabon abu ba ne, jiragen ruwa suna yi. Abin da Maxim ya hango shi ne, in aka tsara dukan 'yan sha'awa na ƙasar, kowa ya san na gabansa da na bayansa da lokacin da zai zauna sauraro, to, raunin kowace tasha ba zai hana saƙo ratsa ƙasa mai faɗin mil 3,000 ba. Ran 6 ga Afrilu 1914 ya kawo shawarar gaban kulob ɗin rediyo na Hartford, cikin Mayu kuwa aka kafa ƙungiyar miƙa saƙo ta Amurka, wadda a ke taƙaita sunanta da ARRL. Kafin shekara ta ƙare tashoshi fiye da 200 sun shiga.

Wa ya ɗauka abokin aiki? Ba wani attajiri ko injiniya ba. Clarence Tuska ne, yaro ɗan shekara 17, wanda ya ke haɗa na'urori yana sayarwa don ya sami na kashewa. Shi aka naɗa sakatare, naɗi na gaske, wasiƙu da rajista duk a hannunsa. Cikin Disamba na 1915 su biyu suka zuba kuɗinsu suka fara buga mujalla mai suna QST, watau alamar da a ke bugawa in ana kiran dukan tashoshi, Tuska ne edita. A cikinta wanda ya gano dabara ya kan zana ta, ya faɗi yawan naɗin waya da irin kayan da ya yi aiki da su, wani yaro a can wata jiha ya gwada, ya rubuto ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Makaranta ce sosai, sai dai ba ta da gini, ɗalibanta kuma su ne malamanta. Har yau ana buga ta.

Akawuna za su fi kowa gane abin da ƙungiyar ta koya wa yaran nan bayan lantarki. Kowane saƙo yana da lamba, da sunan tashar da ya fito, da ranar da aka karɓe shi, da adadin kalmominsa, don mai karɓa ya ƙirga ya tabbata ba a ya da kome a hanya ba. Kowace tasha tana da littafin shigarwa. Wanda ya yi alkawarin zama ƙarfe tara ya yi barci, to, ya tsinke igiya, ƙasa duka za ta san a hannun wa saƙo ya mutu. Ran 6 ga Fabrairu 1917 saƙo ya tashi daga gabar gabas ya kai ta yamma, amsa ta komo cikin awa ɗaya da minti 20. Cikin Janairu na 1921 aka yi wannan tafiya, zuwa da komowa, daga tashar Maxim mai alama 1AW zuwa California, cikin minti shida da rabi.

Horon kuwa da dabara ya yi shi. Daga 1917 wani marubuci mai kiran kansa Tsoho ya fara fitowa cikin mujallar, yana zazzaga wa masu hayaniya da masu bugun ganganci faɗa cikin ba'a, har ya ƙago wani abin horo na almara mai suna Wouff Hong, wanda ya ce da shi za a ladabtar da mai laifi. Yara suna dariya suna gyarawa. Sai bayan rasuwar Maxim aka bayyana wa jama'a shi ne Tsohon. Shugaba bai so ya yi faɗa da bakin shugabanci ba, don ya san abin da yaro ya shigo don sha'awa, tsawa tana iya fitar da shi.

Cikin Afrilu na 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, aka rufe tashoshin 'yan sha'awa duka, aka ce a sauke wayoyi. Nan da nan kuma sojan ruwa suka ga ba su da isassun masu bugun waya, ba kuwa lokacin koyar da sababbi. Suka nemi taimakon Maxim. Dubban samarin nan da aka raina suka shiga soja da ilminsu a hannu. Amma da yaƙi ya ƙare, sai aka kawo wa Majalisa shirin doka wanda zai danƙa sha'anin rediyo duka ga sojan ruwa. Da ya wuce, da an binne 'yan sha'awa. Yawancinsu kuwa suna cikin kaki tukuna, ba su da bakin magana. Ƙungiya ta rubuta wa gidajensu, iyaye da 'yan'uwa suka yi ta aika wa wakilansu takardu, Maxim da kansa ya tafi Washington cikin Disamba na 1918 ya tsaya gaban kwamiti ya kāre su. Shirin ya mutu. Asusun ƙungiya ya bushe, sai ta ci bashin dala 7,500 daga membobinta ta sake tashi, a ƙarshen Satumba na 1919 kuma aka ɗage hanin aikawa.

Daga nan abin mamaki ya fara. Cikin Disamba na 1921 ƙungiya ta aiki Paul Godley zuwa Ardrossan a Scotland, ya kafa tanti a fili cikin ruwa da sanyi, ya kasa kunne. Ya ji tashoshin 'yan sha'awa na Amurka kusan 30, ya kuma karɓi cikakken saƙo daga wata mai alama 1BCG. Cikin Nuwamba na 1923 Léon Deloy a garin Nice na Faransa ya yi zance, faɗi in faɗa, da Fred Schnell da John Reinartz a Connecticut, bisa zangon wajen mita 100. Suka lura kuma, ana rage zango nisa yana ƙaruwa. Ashe kangon da aka tura su ciki nan taska ta ke. Dalili shi ne, can sama, daga wajen kilomita 100 zuwa 400, hasken rana yana mai da iska mai ɗauke da lantarki, gajeren zango kuwa in ya bugi wannan rufi sai ya tanƙwaro ƙasa, ya sake tashi, yana tsalle har ya kewaye duniya. Kennelly da Heaviside sun yi zaton akwai rufin tun 1902, Appleton ya tabbatar da shi da gwaji a ƙarshen 1924. Duk wanda ya taɓa kama Landan ko Jamus da Hausa a gajeren zango, ya ci gajiyar abin da waɗannan mutane suka tono.

Ga wanda ya fi shafarmu. A wancan lokaci makarantar Mill Hill a Landan tana da tashar 'yan sha'awa tata ta kanta. Ran 18 ga Oktoba 1924, da sassafe, wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Cecil Goyder, wanda ya yi karatu a makarantar, yana zaune gaban na'urar, sai ya sami amsa daga Frank Bell, mai kiwon tumaki a kudancin New Zealand. Nisan ya fi mil 11,000, kusan iyakar nisan da wuri biyu za su iya yi a bayan ƙasa. Wannan ne karo na farko da aka yi zance ta rediyo tsakanin ƙasashen biyu, kuma daga ɗakin makaranta aka yi shi. Goyder daga baya ya zama babban injiniyan gidan rediyon Indiya. Cikin Afrilu na 1925 wakilan ƙasashe fiye da 20 suka taru a Faris suka kafa ƙungiyar 'yan sha'awa ta duniya, suka zaɓi Maxim shugaba, taron gwamnatoci na Washington a 1927 kuma ya keɓe musu zangunansu cikin yarjejeniya.

To, ina ruwan malamin da ke fama da aji mai yara 60 da wannan labari? Mun sha shiga aji mu tarar an rubuta ƙa'idar Om a allo, yara suna rerawa kamar karatun allo, an ci jarrabawa da ita, amma cikinsu ba wanda ya taɓa riƙe wayar tagulla ya haɗa ta da batir. Ba laifin yaran ba ne, sau da yawa ma ba na malamin ba ne, gama shi ma haka aka koya masa. Amma yaron da aka ce ya yanka wayar kama zangon mita 20, dole ya raba biyu ya sami mita 10, ya sake rabawa ya sami biyar-biyar, in ya yi kuskure kuwa na'ura ba ta jin roƙo. In ya ji wata tasha ta amsa, zai tashi da kansa ya nemi taswira, ya tambayi dalilin da ya sa shi yana hantsi mutumin yana tsakar dare, ya kuma rubuta kati da Turanci mai kyau ya kai gidan waya don shaidar sun yi magana. Lissafi da labarin ƙasa da Turanci sun shiga, ba wanda ya ɗaga bulala.

Za a ce, yau kowane yaro yana iya kiran Makka da wayar hannu, me zai yi da tsohon yayi? Tambaya ce mai kyau. Amsarmu ita ce wayar hannu rufaffiya ce, tana yi wa yaro aiki ba ta nuna masa yadda ta yi ba, alhali kuwa ita ma rediyo ce, da irin motsin nan ta ke aiki. Za a kuma ce kuɗi, da wuta, da lasin, da manhajar da ba ta bar fili ba. Waɗannan gaskiya ne, kuma ba mu ɓoye cewa yawancin yaran Maxim 'ya'yan masu hali ne, a ƙasa mai kantunan kayan lantarki. Aikawa ba tare da lasin ba laifi ne a ko'ina, kada wani malami ya kuskura. Amma sauraro shi ne matakin farko, na'urar dutsen nan kuwa, inda akwai tashar matsakaicin zango kusa, kuɗinta bai kai na littafi guda ba. Ƙasashenmu ma suna da rabonsu cikin alamun kira na duniya: tashar da alamarta ta fara da 5N ta Nijeriya ce, 5U ta Nijar, 9G ta Gana. Abin da ya fi wuyar samu shi ne babba guda wanda zai zauna bayan an tashi.

Waɗanda suka bi wannan hanya ba su tsaya ga wasa ba. Grote Reber, ɗan sha'awa ne, ya gina faranti mai faɗin ƙafa 31 a bayan gidansu a Illinois a 1937, ya zana taswirar farko ta motsin rediyo da ke zuwa daga taurari. Joseph Taylor, wanda ya fara da kafa wayoyi bisa rufin gidan gonarsu tare da wansa, ya sami kyautar Nobel ta kimiyya a 1993. Tun 1958 'yan Sikawut na duniya su kan gaisa ta tashoshin 'yan sha'awa kowace shekara, yanzu cikin Oktoba. A 1983 Owen Garriott ya yi magana da 'yan sha'awa daga kumbo, ran 21 ga Disamba 2000 kuwa yaran wata makaranta a Burbank ta Illinois suka zama na farko da suka yi wa mazaunan tashar sararin sama ta duniya tambayoyi ta wannan hanya. Tashar tana wucewa bisa kai a tsayin wajen kilomita 400, minti 10 kaɗai a ke samu kafin ta faɗa bayan ƙasa, saboda haka sai aji ya yi makonni yana shirin tambayoyinsa da lissafin lokacin wucewarta.

Shi dai Maxim bai taɓa zama da sha'awa guda ba. Ya shugabanci kulob ɗin masu sha'awar jirgin sama na Hartford, a 1926 ya kafa ƙungiyar masu ɗaukar fim don sha'awa, a 1933 kuma ya buga littafi a kan ko akwai masu rai a waɗansu duniyoyi. 'Yarsa Percy ta shugabanci babbar ƙungiyar mata masu jefa ƙuri'a ta Amurka daga 1950 zuwa 1958. Cikin Fabrairu na 1936 yana tafiya a jirgin ƙasa a yammacin ƙasar ciwo ya kama shi, aka sauke shi a La Junta ta Jihar Colorado, ya rasu a asibiti ran 17 ga wata, yana da shekara 66, yana kuwa shugaban ƙungiyoyin rediyon nan biyu har ranar. Aka binne shi a Hagerstown, garin matarsa.

A shekarar nan aka kafa kyauta da sunansa, wadda ba a ba wanda ya kai shekara 21. Ƙungiya ta karɓi alamar kiransa, ta gina tasha a Newington kusa da Hartford, aka buɗe ta ran 2 ga Satumba 1938, ranar haihuwarsa. Tsohuwar na'urarsa ta tartsatsi tana ajiye a ciki. Tashar, W1AW, har yanzu a ranakun aiki ta kan buga baƙaƙen Mos sannu-sannu, daga kalma biyar cikin minti, don masu koyo su bi da fensir.